Jar Saniya a Darasin Angile

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai saniya makaranta ba, kuma ko ni na so in manta, mutanen Dakoro ba za su bari ba. Har yau in na ratsa ta kasuwar dabbobi sai wani ya ɗago mini hannu ya ce, "Mushe, ya maraƙi?" Ni kuwa in amsa da "Lafiya lau," kamar iyalina ya tambaya. (Mushe, haka ake kiran malami namiji a wajenmu, daga Faransanci.)

Lokacin ban daɗe da fara koyarwa ba. Ni ɗan birnin Maraɗi ne, aka turo ni wani kolej a Dakoro in koyar da Ingilishi, wanda yaranmu ke kira angile. Na zo da takardar jami'a, da takalmi mai tsini, da kan da ya fi hular da ke bisansa girma. Aka ba ni ajin turwaziyam, wato ajin ƙarshe, masu jiran jarrabawar birbe, ta kammala kolej. Daga baya na gane rashin malamai ne ya sa aka ba ni, amma a lokacin na ɗauka cancantata aka hango tun daga nesa. Har waya na buga wa tsohuwata na gaya mata ni ke riƙe da manyan makaranta, ita kuma ta baza wa unguwa.

Cikin abin da ake so ɗan wannan aji ya iya akwai bayanin yadda ake sarrafa wani abu, a rubuce, daki-daki: abin da ake fara yi, abin da ke biye, har zuwa ƙarshe. Littafinmu ya kawo misalin yadda ake yin cakulan a wata masana'antar ƙasar Turai, da hoton injuna da mutane sanye da fararen huluna. Na karanta musu da muryata ta gidan rediyo, na bayyana, na sake bayyanawa, sannan na ce su rubuta. Da na karɓi kaye-kayensu, wato littattafan rubutunsu, na buɗe, sai na tarar da fili fetal. Wasu sun kwafe hoton injin (kuma wallahi sun iya zane), wasu sun rubuta kwanan wata sun ja layi a ƙarƙashi, suka tsaya nan.

Tsautsayi ya sa dirakta ya shigo ɗakin malamai ina cikin juya takardun. Ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki wata, ya ajiye. Ya ce konseye, wato jami'in da ke zagaya makarantu yana duba aikin malamai, zai zo mako mai zuwa, kuma wannan darasin zai zauna ya gani.

"In bai gamsu ba, Mushe, zan amshe ajin ga in ba Madam Rakiya, kai ka koma wajen 'yan ƙanana. Ba ni wasa da birben ɗiyan mutane."

Maganar ta yi mini zafi, ba don kunyar unguwarmu kaɗai ba. Gaskiya ina son yaran nan. Na san wanda ke takowa daga ƙauye kafin rana ta fito, na san wadda ke talla kafin ta zo. Na yi musu alkawarin ni zan kai su bakin ɗakin jarrabawa, kuma ba na son a raba ni da su a tsakiyar hanya.

Madam Rakiya kuwa ita ce tsohuwar malamar angile ta makarantar, ta fara koyarwa tun ina rarrafe. Ajinta bango ɗaya ne da nawa. Wata rana ka ji ƙamshin suyar ƙuli-ƙuli na fitowa daga can, wata rana ka ga yara na dama sabulu a bokiti. A raina ina kiran ajin nata madafa. Abin da ban yarda in faɗa wa kaina ba shi ne, yaran madafar nan suna rubuta shafi guda cur ba tare da sun ciji bik, wato biro, ba. Da wuya ta yi wuya na sauke kai na same ta a inuwar itacen bedi tana gyaran takardu.

Ta saurare ni har na gama, ba ta ce "ai na faɗa" ba, don ba halinta ba ne. Ta ce, "Ɗana, mi ya haɗa ɗan Dakoro da cakulan? Yaro ba shi rubuta abin da bai taɓa gani ba, ko da harshen uwa tai, balle da na wasu. Kawo masu abin gidansu. Su za su yi aikin da hannunsu, kai ka tsaya gefe kana ba su kalma in sun nema."

Rabin farko na maganar ya shiga kunnena ya zauna. Rabin ƙarshe, na tsayawa gefe, ta ɗaya kunnen ya fice.

Na zaɓi cuku, don duk wanda ya san Dakoro ya san shi. A ajin akwai wata yarinya, Zainabu, 'yar makiyaya daga wajen Azagor, tana zaune gidan kawunta a gari saboda karatu. Tana bencin baya, kuma tun da na zo ban taɓa jin jimla ɗaya ta angile daga bakinta ba. Da na tambayi wanda ya iya cuku, ajin gaba ɗaya ya waiwaya ya dube ta. Ta sunkuyar da kai ta ce ta iya, kuma kawunta na da saniya mai shayarwa.

Madam ta ce Zainabu ta tatso madara da safe ta kawo a ƙwarya, shi ke nan. Ni kuwa na ga wannan ƙaramin tunani ne. Konseye guda zai zo, in nuna masa ƙwarya? Ai sarrafa abu daga tushe yake farawa, tushen cuku kuwa saniya ce. Kuma wa zai tatsa in ba malamin aji ba? Na riga na hango kaina tsugune, madara na zuba, ina jero kalmomin angile, konseye na gyaɗa kai yana rubuta yabo. (In tuna muku, ni duk sanin da na yi wa madara a gwangwani ne.)

Na je gidan kawun Zainabu neman aron saniya. Dattijon ya dube ni, ya dubi takalmina, ya ce, "Mushe, saniya dai ga ta nan, ba a hana makaranta. Amma wagga ba ta san hannun kowa ba sai na ɗiyar ga." Na yi dariyar masu ilimi na ce kada ya damu, na yi bincike. Binciken kuwa shi ne wani bidiyo da na kalla a salula, inda wani Bature ke tatsar wata ƙatuwar saniya mai dabbare-dabbare, tana tsaye tana tuƙa kamar ba da ita ake ba. A bidiyon ban ga maraƙi ko ɗaya ba. Dattijon ya ce shi ranar ma zai tafi kasuwar Ajekoriya.

Kwanakin da suka rage na yi aiki na gaske, wannan kam ba zan rage wa kaina ba. Muka haddace kalmomin jerantawa, muka koyi sunan ƙwarya da ludayi da madara da rana da angile. Sannan na kafa dokoki. Ranar da baƙo zai zo, ba Hausa, ba Faransanci, angile kawai. Kuma kowa ya rubuta abin da idonsa ya gani, yadda ya faru, ba tsallake ba ƙari ba kwalliya. Na buga tebur na ce, "Ko ƙuda ya faɗa ƙwarya, in kun gani ku rubuta." Na sa suka maimaita dokar har ta zauna musu.

Ranar ta zo. Na sa farar riga da wandon da na ajiye don bikin aure, na fesa turare har sai da na yi atishawa. Aka fito da bencina ƙarƙashin bedi. Zainabu ta iso da jar saniya mai dogayen ƙahoni, ɗan maraƙinta na biye yana kuka, don tun jiya aka raba shi da uwar saboda nonon ya taru. Konseye ya zauna a kujera gefe guda, wani siririn dattijo mai tabarau, wanda malamai ke cewa ba a taɓa ganin haƙoransa ba. Dirakta na gefensa. Madam Rakiya ta jingina da ƙofar ajinta.

Kukan maraƙin ya dame ni, yana danne muryata. Na yi wa wasu ɗalibai biyu nuni su kai shi bayan katanga su ɗaure. Zainabu ta ɗaga hannu.

"Mushe, maraƙin..."

Na ɗaga mata yatsa, na tuna mata da angile cewa yau ba Hausa. Na ga bakinta na motsi tana laluben kalma. Ba ta samu ba, ta sauke hannun. Na dubi sauran, kusan duk 'ya'yan masu dabbobi ne, na ga suna kallon juna. Amma yaron da aka yi wa tarbiyya a ƙasar nan ba ya gyara wa babba magana gaban baƙo, ko da ya ga zai taka wuta. Ga kuma dokata a kansu. Suka buɗe kaye, suka ɗaga bik.

Na tsuguna, na sa ƙwarya tsakanin gwiwoyina yadda na gani a bidiyo, na sanar da babbar murya cewa matakin farko shi ne tatsa. Na kama hantsa na matsa. Ko ɗigo. Na yi murmushi wajen konseye, na sake matsawa. Ko ɗigo. Saniyar ta juyo da kai ta shinshini turarena, ta yi wani huci. Daga bayan katanga maraƙi ya kira, ta amsa masa da wani kukan da na ji har cikin haƙarƙarina. Abin da ban sani ba, wanda kowane yaro a wurin ya sani tun kafin ya iya tafiya, shi ne shanunmu ba sa sakin nono sai ɗansu ya fara tsotsa, kuma yana tsaye kusa suna lasarsa. Ban kuma san ana ɗaure ƙafafun baya ba.

Gumi ya fara bin bayana. Na ce a raina wataƙila ƙarfi ne bai isa ba. Na gyara tsuguno, na sa hannu biyu, na ja da iyakar ƙarfina kamar mai jan guga.

Ban ga tahowar ƙafar ba. Na dai ji ƙwarya ta tashi sama, wani abu ya daki cinyata, na tafi da baya ina laluben iska. Inda na sauka kuwa, saniyar ta riga ta ajiye mini shimfiɗa tun isowarta, mai ɗumi, sabuwa fil. Na zauna a ciki daram. Da na yunƙura zan tashi, takalmi mai tsini ya zame, wandon biki ya ce ɓarrr daga baya, na koma na zauna.

Na rufe ido ina jiran dariya. Na san in ta fashe, an gama da ni da ajin. Amma shiru. Na buɗe ido a hankali, abin da na gani ya fi dariyar ciwo: kawuna duk a sunkuye, bik na gudu bisa takarda. Yaran da suka ba ni farar takarda makon jiya, yau ba mai ɗaga kai sai don ya sake dubana ya tabbatar da abin da zai rubuta. Wani ma har ya miƙe tsaye don ya ga da kyau ta ina wandon ya yage.

Madam Rakiya ce ta taka a hankali ta zo. Ba ta dube ni ba, kuma na gode mata da hakan. Ta yi wa Zainabu magana da angile mai sauƙi, ta ce ta nuna mana. Yarinyar ta ruga ta kwanto maraƙin. Ya zo da gudu ya kama nono, uwar ta sauke kai tana lasarsa, jikinta ya saki. Zainabu ta bar shi ya ɗan sha, ta janye shi ta ɗaure a ƙafar uwar ta gaba, ta ɗaure ƙafafun baya, ta ɗauraye ƙwarya ta tsuguna. Ni ina tafiya da baya da baya zuwa ɗakin mai gadi, hannuwana a bayana, na ji ƙarar madara na dukan ƙwarya.

Na wanke abin da zai wanku, na shanya wandon a kan katanga, mai gadi ya ara mini nasa wanda ya tsaya mini a ƙwauri. Zuciyata ta ce in bi ta baya in nufi tasha. Amma na leƙo, sai na ga abin da ya hana ni tafiya. Yara sun kewaye Zainabu. Ta zuba ɗan ruwan tumbin ɗan akuya a madarar, wanda shi ke sa ta daskare. Da ta kama, ta kwasa da ludayi ta zuba a kan 'yar shimfiɗar tsinke, tana dannawa da tafin hannu ruwan na tsiyaya, ta naɗe gefuna ya fito da kusurwa huɗu. Yara na tambayar Madam kalma, tana ba su ɗaya-ɗaya, tana tsaye a gefe, daidai inda ta ce in tsaya. Na lallaɓo na tsaya kusa da ita da guntun wandona, ni ma na fara ba da kalma.

Da aka gama aka shanya cukun, konseye ya miƙe. Ya bi benci-benci yana leƙa kaye, fuskarsa ba yabo ba fallasa. Ya tsaya kan Zainabu, wadda ta koma ta zauna tana cike nata, ya ce ta tashi ta karanta. Ta miƙe ta karanta da angile. Ga abin da ta ce, in na mayar da shi Hausa:

"Da farko ana kawo saniya da ɗanta. Sannan ana kai ɗan bayan katanga. Bayan haka malami yana tsugunawa. Ana matsa nono, babu madara. Ana sake matsawa, babu madara. Daga nan saniya tana harbin malami. Malami yana zama cikin kashi. Bayan haka ana dawo da ɗan, yana sha, madara tana zuwa."

Ta ci gaba, mataki bayan mataki, ba ta bar ko ɗaurayar ƙwarya ba. Ta rufe da cewa, "A ƙarshe ana shanya cuku a rana. Ana shanya wandon malami a kan katanga."

Dirakta ya juya baya yana tari. Konseye ya cire tabarau yana gogewa, kafaɗunsa na girgiza, kuma ranar na zama malami na farko da ya ga haƙoransa. Da ya natsu ya juyo gare ni.

"Mushe, akwai matakin da ta tsallake?"

Na ce babu.

"Akwai wanda ta ƙara daga kanta?"

Na ce babu, haka aka yi.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da ya cika mini ƙirji, don yarinyar da ban taɓa jin muryarta da angile ba ta karanta shafi guda na angile da ta rubuta da kanta, tsaf, wanda ko baƙo daga wata ƙasa zai bi ya fahimta. Kuma ba ita kaɗai ba. Aka karanta wasu, kowa da irin nasa, amma duk a jere suke, kuma duk da ni a ciki.

Konseye ya ɗauki alli ya tambayi aji, cikin matakan nan wanne ne cuku ba ya buƙata. Yara suka yi ta nunawa ana sokewa: kai maraƙi bayan katanga, harbi, zama, wando. Da wani ya ce a soke duk maganar maraƙin, Zainabu ta ɗaga hannu, ba wanda ya kira ta, ta ce da angile, kalma-kalma, a'a, ɗan saniya shi ne farko. Wannan karon ta sami kalmar.

A ofishin dirakta na tsaya ina jiran hukunci. Konseye ya ce ya zagaya makarantu da yawa, ya ga malamai fes-fes da kaye-kaye babu komai a ciki, yau kuma ya ga akasin haka, kuma in zaɓi aka ba shi ya san wanda zai ɗauka. Ya ce a bar mini ajina, da sharaɗin in riƙa shiga ajin Madam Rakiya ina zama a baya ina kallo. Na karɓi sharaɗin hannu biyu, kuma zaman da na yi a madafar nan ya fi mini wasu shekarun jami'a amfani.

Da na fito na sami Madam Rakiya tana naɗe tabarma. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. Ta ce, "Ka dai gani da idonka. Saniya ba ta sakin nono sai ta ga nata. Ɗiyan mutane ma haka nan su ke." Ta miƙo mini allura da zare ta ce in kai wa wandona.

Ni na raka yaran nan har bakin ɗakin jarrabawa, kamar yadda na yi alkawari. Zainabu ta ci birbe, ta wuce lise, wato babbar sakandare, yanzu ita ma alli ne a hannunta a wata makarantar karkara. Kwanan baya ta zo gaishe ni da ƙullin cuku, ta ce duk shekara da wannan rubutun nata take fara darasin, na asalin, wanda ba a soke komai ba, don yara sun fi riƙe shi.

"Amma kada ka damu, Mushe, ban sa sunanka ba."

Na yi mata godiya, ko da yake daga Dakoro har Azagor malami ɗaya ne aka san saniya ta harba. Abin da na koya dai shi ne, in tsohuwa ta ce ka tsaya gefe, ka tsaya gefe. In kuma ka kafa wa yara dokar su rubuta duk abin da idonsu ya gani, to ka tabbata wandonka mai ƙwari ne.